Risala Kan Haƙiƙar Isa Birni a Turai, da Bambanta Wanda Ya Isa da Wanda Ya Sauka

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, Allah ya buɗa maka ƙofar fahimta, cewa masu tafiya tsakanin biranen Turai sun kasu mazhaba biyu, kuma har yau ba su sasanta ba. Ta farko mazhabar sama ce. Mabiyanta sun tafi a kan cewa jirgin sama ya fi komai saurin kai mutum birni, hujjarsu kuwa ita ce lambar da aka buga musu a tikiti. Ta biyu mazhabar dogo, wadda mabiyanta ke cewa jirgin ƙasa ne ke kai mutum, suna faɗin haka da natsuwar wanda ba a taɓa ƙwace wa gorar ruwa a bakin ƙofa ba. Da muka bi maganganun ɓangarorin biyu daki-daki, sai muka tarar tushen saɓanin guda ne: kowa yana cewa "na isa", alhali ba wanda ya tsaya ya fayyace inda ake isa, balle lokacin da isar take tabbata. Wannan giɓi ne muka ƙudurta cikewa gwargwadon iko.

Mun ɗauki tafiya daga Landan zuwa Faris ta zama abin misali, domin a cikinta ne hujjojin kowane ɓangare suka fi bayyana. Tsakanin biranen nan akwai kimanin kilomita 340 in an miƙe, akwai kuma teku a tsakani, wanda shi ne ya ƙara wa mas'alar nauyi.

Fasali na farko: ta'arifin isa da rukunanta

Isa, a isɗilahin wannan fanni, ita ce haɗuwar mutum da kayansa a wurin da ba ya buƙatar sayen wani tikiti. Kowace kalma a wannan ta'arifi tana da aikinta, don haka kada a rage komai daga cikinsa.

Rukunanta uku ne. Na farko mai isa, wato matafiyi da gangar jikinsa. Zuciya ba ta wadatarwa, domin zuciyar matafiyi takan riga shi isa da kwanaki. Na biyu kaya. Wanda jikinsa ya sauka a Faris, akwatinsa kuwa ya zarce Madrid, isarsa tauyayya ce, kuma tana nan a rataye har ranar da aka kawo akwatin masauki. Na uku wurin isa, kuma a nan ne magana ta yi tsawo.

Faransawa sun hutar da mu rabin wahala, domin a dandalin da ke gaban majami'ar Notre-Dame sun kafa wata 'yar tagulla a ƙasa, wadda daga kanta ake auna nisan hanyoyin da suka fita daga Faris. Mutanen Ingila ma suna da nasu ma'aunin a Charing Cross. Masu tsanantawa sun ce mutum bai isa Faris ba sai tafin ƙafarsa ya taɓa wannan tagulla. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi ta fuskar ƙiyasi, sai dai yana jawo mu yanke cewa da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a birnin ba su taɓa isa garinsu ba, kuma wannan tsanani ne da jama'a ba za su iya ɗauka ba. Jumhuru sun sassauta, suka ce ya wadatar mutum ya kasance inda zai iya takawa da ƙafa zuwa tagullar ba tare da ya yi guzuri ba. A kan wannan muka dogara.

Daga nan hukuncin mai yada zango ya fito fili. Wanda ya sauka a filin jirgin Faris, ya zauna awa huɗu a kan kujerar ƙarfe yana jiran jirgin da zai wuce da shi wata ƙasa, bai je Faris ba, ko da ya sayi turare a can, ko da ya koma gida ya gaya wa surukansa akasin haka.

Fasali na biyu: rabe-raben filayen jirgi gwargwadon dangantakarsu da sunan da suke amsawa

Asalin ƙa'ida shi ne jirgin sama ba ya sauka a birni. Yana sauka ne a fili, fili kuwa ba ya samuwa sai inda birni ya ƙare. Tarihi ya tabbatar da haka tun farkon lamarin. A ranar 25 ga Yulin 1909, Louis Blériot ya zama na farko da ya haye wannan mashigin teku da jirgin sama, ya taso daga kusa da Calais, ya dira a wata makiyaya kusa da ganuwar Dover. A watan Mayun 1927, Charles Lindbergh ya taso daga New York shi kaɗai, ya yi awa 33 da rabi a sama, duniya ta ɗauka cewa ya isa Faris. Haƙiƙa filin jirgin Le Bourget ya isa, kuma mota ce ta ƙarasa da shi. In wannan ne halin magabata, ina ga na baya?

Filayen sun kasu huɗu.

Kashi na farko maƙwabci, wanda ke jin ƙamshin birni ko da ba ya cikinsa. Misalinsa Orly, mai nisan kimanin kilomita 13 kudu da Faris, da Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1974 kimanin kilomita 25 arewa maso gabas. Wannan kashi ana karɓar shaidarsa da ɗan taka-tsantsan.

Kashi na biyu ɗan uwa na nesa, wanda ake gaisawa da shi a biki. Misalinsa Beauvais, wanda ake sayar da tikitinsa da sunan Faris, alhali tsakaninsa da birnin akwai kimanin kilomita 85. Haka Charleroi a Beljiyam, wanda aka laƙaba wa sunan Brussels ta Kudu. Laƙabin nan gaskiya ne ta fuskar alƙibla, domin lalle yana kudu da Brussels, kamar yadda Marseille da Kinshasa su ma suke kudu da ita.

Kashi na uku shi ne wanda ba abin da ya haɗa shi da birni sai suna. Skavsta yana amsa sunan Stockholm daga nisan kilomita kusan 100. Hahn a Jamus ya daɗe yana amsa sunan Frankfurt daga kimanin kilomita 120. Vatry kuwa an kira shi da sunan Faris daga kimanin kilomita 150, a tsakiyar gonakin lardin Champagne. Masu bincike sun lura da wata ƙa'ida a nan, wadda ba kasafai take saɓawa ba: gwargwadon arhar tikiti, gwargwadon nisan filin da sunansa. Yakan faru kuɗin motar da za ta kai mutum birni ya zarce kuɗin jirgin da ya ɗauko shi daga wata ƙasa. A irin wannan hali, ra'ayi mafi rinjaye shi ne motar ce asalin tafiya, jirgin kuwa muƙaddima.

Kashi na huɗu ya fi kowanne wuyar hukunci, kuma misalinsa filin jirgin Basel. Birnin Basel yana Siwizalan, filinsa kuwa yana kan ƙasar Faransa, kuma birnin Freiburg na Jamus ma yana da rabo a sunansa. Matafiyi yana ɗaukar akwati sai ya ga ƙofa biyu, ɗaya ta fitar da shi Faransa, ɗaya Siwizalan. Wanda ya bi bayan jama'a ba tare da duba allo ba, ƙasar da zai tsinci kansa a cikinta ta dogara ne ga niyyar mutumin da ke gabansa.

Fasali na uku: lissafi

Mazhabar sama takan ce tsakanin Landan da Faris awa ɗaya ce da kwata, ko ɗoriyar 'yan mintoci. Ba mu musa ba. Sai dai mu ƙaddara mutum biyu suna tsaye a unguwar King's Cross a Landan, ɗaya daga kowace mazhaba, kowa da akwatinsa.

Mabiyin dogo zai tsallaka titi ya shiga tashar St Pancras, inda jirgin Eurostar yake tashi tun Nuwamban 2007. Zai ba da kamar awa guda ga bincike da duba fasfo, ya zauna, bayan kimanin awa biyu da minti ashirin ya sauka a Gare du Nord, kilomita 3 ko kusa da haka daga tagullar da muka ambata. Jimla awa uku da ɗoriya.

Mabiyin sama kuwa zai gangara ƙarƙashin wannan tasha ɗin dai, ya hau layin Piccadilly, wanda ya kai filin Heathrow tun 1977. A lura da kyau: jirgin ƙasa ya hau. Zai yi kusan awa guda yana tafiya yamma, alhali Faris tana kudu maso gabas. Zai isa fili awa biyu kafin tashi, kamar yadda aka umarce shi. Zai cire abin da aka ce ya cire, ya ɗaga hannu inda aka ce ya ɗaga. Sai awa ɗaya da kwata ɗin da ake alfahari da ita, wadda wani yanki nata yake ƙarewa jirgi yana rarrafe a kan kwalta yana jiran layinsa. Bayan sauka a Charles de Gaulle mu ba shi minti 45 na dogon baranda da layin fasfo da tsayuwa gaban bel ɗin kaya yana kallon akwatunan wasu suna zagayawa. Daga nan ya sayi sabon tikiti, wanda sayensa kaɗai ya isa shaida, bisa ta'arifinmu, cewa bai isa ba. Tikitin na layin RER B ne, wato wani jirgin ƙasan, kuma bayan kimanin minti 35 zai sauke shi a Gare du Nord.

A nan muke roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tadabburi. Mutum biyun nan daga tasha ɗaya suka tashi, a tasha ɗaya suka sauka. Bambancin kawai, ɗaya ya hau jirgin ƙasa guda, ɗaya ya hau biyu, ya saka jirgin sama a tsakaninsu. Na biyun ya ci kimanin awa biyar da rabi. In aka raba kilomita 340 a kan wannan lokaci, za a sami kimanin kilomita 62 a awa, wato saurin motar haya mai matsakaiciyar lafiya tsakanin Kano da Zariya.

In wani ya ce ai akwai Heathrow Express, mai kai mutum filin jirgin daga tashar Paddington cikin minti 15, sai mu ce wannan taimako ne gare mu, domin shi ma a kan dogo yake gudu.

Tanbihi kan ruwa. Tun 2006 aka taƙaita wa mai shiga jirgin sama ruwan da zai riƙe a hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba, ko da yake wasu filaye sun fara sassautawa bayan sun sami sababbin na'urori. Malaman fanni sun daɗe suna tattauna iyakar abin da ake kira ruwa, har aka shigar da zuma da man shafawa da man goge baki, aka bar cuku mai tauri a waje, mai laushi kuwa aka mai da shi ciki. Mabiyin dogo ba a ɗora masa sanin wannan babi ba. Akwatinsa ma ba a aunawa, sharaɗin dai ya iya ɗauka da kansa.

Fasali na huɗu: mas'aloli uku da suka keɓanta da wannan hanya

Mas'ala ta farko, shiga Faransa kafin barin Landan. Bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, jami'an kan iyakar Faransa suna zaune a cikin St Pancras, na Birtaniya kuma a cikin Gare du Nord. Saboda haka matafiyi yana miƙa fasfo ga Bafaranshe, a yarje masa shiga, sannan ya nemi kujera ya zauna yana shan shayi a tsakiyar Landan. Mene ne matsayinsa a wannan zama? Ta fuskar takarda ya shiga, ta fuskar jiki bai fita ba. Mun kira wannan hali isa ta hukunci, don bambanta ta da isa ta haƙiƙa. Fa'idarta tana bayyana ga wanda aka hana shiga: an koro shi daga Faransa, amma ba ya buƙatar tikitin komawa, ƙofa kawai zai nema.

A gefe muna ambata cewa daga Nuwamban 1994 zuwa 2007, a tashar Waterloo ta Landan jirgin yake sauke mutanen Faransa, tashar da ke ɗauke da sunan fagen da aka karya Napoleon a 1815. Shekara 13 ana yi musu wannan tarba.

Mas'ala ta biyu, kifi. Da yawa daga masu shiga ramin ƙarƙashin teku da Eurostar ke bi a karon farko sukan nemi kujerar taga, suna tsammanin ganin kifi. Wannan tsammani ɓatacce ne. Ramin, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe ranar 6 ga Mayun 1994, tsawonsa kimanin kilomita 50 ne, 38 daga ciki a ƙarƙashin teku, kuma an haƙa shi ne cikin dutsen alli da ke ƙasan gindin ruwan. Ramuka uku ne ma a jere, biyu na jirage, na tsakiya na ma'aikata. Kifi yana sama da matafiyi, da dutse a tsakaninsu. Abin da mai taga zai gani cikin minti ashirin ɗin nan fuskarsa ce a gilashi, tare da fuskar maƙwabcinsa wanda shi ma yake leƙe.

Mas'ala ta uku, awar da ta ɓace. Agogon Faris yana gaba da na Landan da awa guda. Wanda ya tafi gabas an karɓe masa awa, ko ta sama ya bi ko ta ƙasa. An yi saɓani kan matsayinta: wasu sun ce haraji ce, wasu sun ce ajiya. Magana ta biyu ta fi inganci, domin ana mayar wa mutum da ita cif ranar da ya komo, ba ragi ba riba. Wanda ya tafi bai komo ba kuwa ya yafe ta, kuma magada ba su da hurumin nema. Mazhabar sama takan yi amfani da wannan awa wajen yaudarar masu rauni, ta nuna tikitin dawowa wanda ya tashi daga Faris ƙarfe goma ya sauka Landan goma da minti ashirin, ta ce ga mu'ujizar sauri. Wannan cin ajiya ne a bainar jama'a.

Fa'ida ga mai agogon Kano ko Yamai: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsa daidai yake da na Faris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa daidai da na Landan. Wanda ba ya son taɓa agogonsa, sai ya zaɓi birni gwargwadon wata.

Fasali na biyar: shubuhohi da warware su

In an ce jirgin ƙasa ma yana da nasa filayen na nesa, sai mu ce haka ne, kuma adalci ya wajabta a faɗa. A arewacin Faransa akwai tashar Haute-Picardie, wadda aka gina tsakanin Amiens da Saint-Quentin ba tare da ta kusanci ko ɗaya ba, har mutanen yankin suka laƙaba mata sunan gwozar sukari da ake nomawa kewaye da ita. Akwai kuma Venezia Mestre a Italiya, inda mai gaggawa yake ganin rabin sunan a allo ya diro, ya tsaya yana neman kwale-kwale a kan kwalta, alhali Venis ta ruwa tana gaba, bayan gada, a tashar Santa Lucia. Amma a duba: a mas'alar Mestre jirgin ya ci gaba zuwa birni, matafiyin ne ya rabu da shi. Laifin na mai sauka ne. Haute-Picardie kuwa nadiri ce, kuma ba a gina hukunci a kan nadiri.

In an ce tikitin Eurostar yakan fi na jirgin sama tsada, musamman ga wanda ya saya a ƙurarren lokaci, sai mu ce wannan ma yana faruwa. Sai dai risalarmu kan isa take magana, kuma arhar abin da bai kai ka ba babi ne na daban. Kafin a kwatanta, a tara kuɗin jirgin ƙasa na farko, da na ƙarshe, da na akwati, da na zaɓen kujera, da na ruwan da aka saya bayan an zubar da wanda aka zo da shi.

In an ce wannan duk ra'ayin marubuci ne, sai mu ce hukuma ma ta shigo. A watan Mayun 2023 Faransa ta zartar da dokar hana zirga-zirgar jirgin sama ta cikin gida a inda jirgin ƙasa yake kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Dalilinta rage hayaƙi ne, kuma a aikace hanyoyi uku ta shafa, daga Orly zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon. Ba ta hau kan Landan ba, tunda wata ƙasa ce. Duk da haka majalisa ta yi furuci da abin da muke faɗa, ko da ta wata ƙofa ta shigo.

In an ce, to mu da muke tasowa daga Kano ko Yamai ko Kumasi, ina dogon da za mu bi? Sai mu ce ku ma'abota uzuri ne, kuma larura tana da hukuncinta. Faransawa sun daɗe suna mafarkin shimfiɗa dogo ya ratsa Sahara, har gwamnatin Vichy ta ba da umarnin aikin a 1941 da nufin haɗa Bahar Rum da kogin Neja, amma bai fita daga hamadar Aljeriya ba. Saboda haka hawa jirgin sama ya halatta gare ku ba tare da karhanci ba. Abin da bai halatta ba shi ne ku ɗauka tayar jirgi tana taɓa ƙasa an gama. Kuma wanda ya riga ya shiga Landan da fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, yana son ya gwada ramin, ya sani bizar Birtaniya ba ta buɗe Faransa. Sai ya riƙe ta yankin Schengen daban, domin jami'in da ke zaune a St Pancras ita zai tambaya.

Saura shubuhar tafi. Wasu fasinjoji sukan tafa idan jirgi ya dira, wasu kuma su miƙe tsaye tun fitilar ɗamara ba ta mutu ba, su sunkuya ƙarƙashin ma'ajiyar kaya minti goma, wuya a karkace, suna kafa wannan hujja cewa tafiya ta ƙare. Tafin ba mu hana shi ba in godiya ce ga matuƙi. In kuwa shelar isa ce, to an yi ta kafin lokacinta, kuma wajibi ne a sake ta a Gare du Nord. Tsayuwar kuwa ba ta da asali ko kaɗan, domin ƙofa ba ta buɗuwa da yawan masu kallonta.

Hukunci

Abin da ya tabbata bayan duk wannan shi ne, tsakanin Landan da Faris, da duk biranen Turai biyu da dogo mai sauri ya haɗa cikin awa uku ko ƙasa da haka, mazhabar dogo ce mai rinjaye. Inda nisa ya zarce haka, ko teku ya raba ba rami, mabiyin sama yana da uzuri, da sharaɗin ya duba taswira kafin ya biya, ya auna tsakanin filin da sunan da filin yake amsawa.

Kai kuma da ka riga ka sayi tikitin Beauvais saboda arharsa, idan ka dira kada ka buga waya gida ka ce ka isa. Ka ce ka sauka, sannan ka nemi layin bas. Tafiyar ta fi awa guda, kuma tikitinta daban ake saye.